Ranar da Muka Zama Lasifika

Abubuwa da yawa na zaman jami'a sun riga sun zube daga kaina. Ka tambaye ni abin da aka koya mana a shekarar farko, sai dai in yi maka murmushi in canza zance. Amma ranar bikin yaye mu kam, ko tsufa ya gama cinye ni ba na jin zan manta da ita. Ba kuma don riga da hula ko hotuna ba, don hotunan ma rabinsu sun ɓace da wayar da na ɗauke su. Dalilin wani dattijo ne makaho daga Muchalla, mahaifin ƙawata.

Ni 'yar Wuro Patuji ce, a gefen garin Mubi, noma da kiwo na tashi na tarar a gidanmu. A jami'a ni ce wakiliyar ajinmu tun daga shekara ta biyu. Kada wani ya ɗauka ƙoƙari ne ya ba ni wannan matsayi, murya ce. Allah ya hore mini ita. Tun ina ƙarama, in yayyena suka yi nisa da shanu a bakin mayo, wato rafi, ni ake sawa in hau tudu in kira su. To a aji ma haka, duk sanarwar da ake so ta kai layin baya ni ake turawa gaba.

Na san yadda ake bikin yaye ɗalibai tun kafin namu ya zo, don yayana ya riga ni gamawa kuma na raka Dada, mahaifiyarmu, wurin nasa. Ana tara ɗaliban shekara biyu ko uku a yi musu a rana guda. Manyan baƙi su yi ta jawabi, a ba wasu attajirai digirin girmamawa, a karanto tarihin kowannensu tun daga haihuwa. Sai a kira waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya, 'yan tsiraru, su hau su yi musabaha. Sauran jama'a kuwa, a ce tsangaya kaza ku tashi, a karanta wata jimla da Turanci, a ce ku zauna. Shi ke nan an yaye ku. Da muka dawo gida maƙwabta suka shigo yi wa Dada barka, suna tambaya yaya biki, sai ta ce musu ita dai ta ga huluna da yawa, kuma an ce ɗaya a ciki ta ɗanta ce.

A lokacin dariya na yi. Ban ɗauki abin da zafi ba sai da namu ya matso.

Ƙawar tawa ɗakinmu ɗaya tun shekarar farko. Ita Kirista ce, ni Musulma, tukunyarmu ɗaya, kuma in azumi ya zo ita ke tashi na sahur don ta fi ni sauƙin barci. Ita ce ta fari a gidansu, kuma ita ce ta farko a zuriyarsu da ta taka jami'a. Mahaifinta manomi ne, wake da gyaɗa. Muna shekara ta uku idanunsa suka fara dusashewa, kafin mu gama sun rufe gaba ɗaya. Ya koma zaman gindin bishiya yana tufkar igiya, rediyo a gefensa.

Bayan an sanar da ranar biki na je Muchalla na kwana biyu a wurinta. Da na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Ke ne mai babban muryan nan? To ki ji. Ni ido ya tafi, amma kunne yana nan da sauran ƙarfinsa. Ranar nan ba ruwana da riga, ba ruwana da hula. In sun kira sunan yarinyan nan a lasifika, na ji da kunne na, shi ke nan na gama."

Na dubi ƙawata, ta kawar da kai. Sai da muka fita ɗebo ruwa ta gaya mini cewa ta kasa faɗa masa gaskiya. Ita daraja ta biyu ta samu, kamar ni, kamar yawancinmu. Ba wanda zai kira sunanta. Ta ce, "Mai ido ko hula ya gani ya rage zafi. Shi me zai gani? Zai hau achaba tun daga nan, ya zauna cikin rana, ya dawo bai ji komai ba." Ba ta yi kuka ba, ba mai yawan kuka ba ce. Muka ɗebi ruwan muka dawo, ni kuma abin bai bar raina ba.

Da na koma makaranta a Mubi na zuba maganar a gurup ɗin ajinmu na waya, ban ambaci kowa ba. Ashe kowa da irin nasa ciwon. Wannan ya ce kakarsa ce ta riƙe shi, wancan ya ce mahaifiyarsa ta sayar da awakinta kaf a kan karatunsa. Kafin mako ya zagayo maganar ta tsallaka sauran tsangayoyi. Masu zafin kai suka ce a ƙaurace wa bikin, wasu suka ce a shiga da kwalaye a ɗaga lokacin da manya ke jawabi. Ni dai na ce duk wanda ya ƙaurace, iyayensa ya hana, manyan baƙi ko a jikinsu. Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka zaɓi mutum biyar mu je mu ga magatakardan jami'a, har da ni.

Ban ga laifin mutumin nan ba, ko a lokacin ko yanzu. Ya ba mu kujeru, ya saurare mu har muka gama. Sannan ya cire tabarau ya ce, "'Ya'yana, ku kun san yawanku kuwa? In na ce a kira ku ɗaya bayan ɗaya, manyan baƙin nan sai dai a shimfiɗa musu tabarma su kwana."

Ɗaya daga cikinmu ya ce, "To ranka ya daɗe, a rage jawabai mana."

Ya yi dariya ya ce, "Jawabin wa zan rage? Zaɓo mini mutum ɗaya, kai kuma ka je ka gaya masa."

Sai na ce, "Ranka ya daɗe, mu ba sai manya sun ji sunayenmu ba. Ba su san mu ba, ba kuma za su tuna ba. Iyayenmu muke so su ji."

Ya juya biro a hannu ya ce zai duba. Sai da muka yi zuwa uku ofishinsa kafin a samu matsaya, amma an samu. Za a yi biki yadda aka saba. In manyan baƙi suka tashi, kowace tsangaya za ta karɓi lasifika bi da bi, shugabanta ya kira sunan kowane ɗalibi, kuma a buɗe ƙofa ga dangin da ba su da katin gayyata su shigo. Muka fito muna tafawa kamar mun ci zaɓe. Na buga wa ƙawata waya tun ban sauka daga benen ofishin ba, na ce ta gaya wa Babanta ya wanke kunnensa.

Akwai tambaya ɗaya da ba wanda ya yi, mu da magatakardan duka, wato rumfuna da kujeru da lasifikar nan na wane ne.

Ranar biki Asabar ce, ana tsakiyar zafi. Tun hantsi bai yi ba bakin ƙofar makaranta ya cika. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a zuwa irin wannan taro mutum biyu, ko da kati ya ce mutum biyu. Daga Muchalla kaɗai a-kori-kura guda ta zo shaƙe da matan zumunta na cocin su ƙawata, sun sha anko, da tulunan kiɗansu da kulolin abinci. Baba kuwa ya ƙi shiga mota, ya ce wari take masa. A achaba ya zo, an sa shi tsakiya, ƙaninsa na riƙe da shi ta baya. Ya sa kaftani fari ya ɗora tsohuwar kwat a kai, cikin wannan zafi.

Da ƙawata ta zo gabansa cikin rigar yaye, ya miƙa hannu ya shafa ta tun daga kafaɗa har hannun rigar, ya laluba hular, ya kama igiyar da ke lilo a gefe ya murza ta tsakanin yatsu. Ya ce, "Wannan tufka bai yi kyau ba. Da sun kawo mini." Muka yi dariya, aka kai shi shi da Mama, mahaifiyar ƙawata, can layin baya na rumfar iyaye, kusa da inda Dada ta zauna.

Aka fara. Ba sai na ba ku labarin jawaban ba, duk wanda ya taɓa zuwa ɗaya ya ji duka. Dada ta gaya mini daga baya cewa duk lokacin da aka tafa, sai Baba ya gyara zama ya ce, "Sun fara kira ne?" Mama ta ce masa tukuna. Haka aka yi ta yi har rana ta take tsaka. Aka ba da digirin girmamawa, aka kira 'yan daraja ta ɗaya, aka ce mu tashi, aka ce mu zauna. Mai gabatarwa ya sanar cewa kowa ya tsaya a inda yake, za a kira sunaye da zarar an raka manyan baƙi. Jiniya ta yi kuka, motoci suka fita a jere, shugabannin jami'a duk suka bi su zuwa wurin liyafa.

Ƙurar motocin ba ta gama kwanciya ba na ji janareta ya mutu. Na waiga sai ga samari majiya ƙarfi suna ta harhaɗa kujeru goma-goma, wasu na kwance igiyoyin rumfa, wani ya riga ya naɗe wayar lasifika a gwiwar hannu. Mutum na zaune za a ce masa "Baba yi haƙuri," a zare kujerar. Na tattare rigata na ruga, hula a hannu, na sami mai hayar kayan tsaye a bayan babbar mota yana ba da umarni.

Na ce, "Malam, me ke faruwa? Ba a gama ba fa!"

Ya ce, "Hajiya, manya sun tashi ko ba su tashi ba?"

"Sun tashi, amma yanzu za a kira sunayenmu."

"Ni ba wanda ya gaya mini wannan. Magana na da kwamiti, manya su tashi ni ma in tashi, kullum haka muke yi. Yau Asabar ne fa. Akwai biki yana jira na a cikin gari, amarya yana can ya gama kwalliya, mutane suna tsaye a rana. In bar su?"

Na roƙe shi ko lasifikar kaɗai ya bar mana. Ya ce ita ce ma abin da suka fi jira. Kuma gaskiyarsa ne, duk mai hayar rumfuna a Mubi haka yake aiki ranar Asabar, kaya ɗaya sai su ci taro biyu ko uku kafin magariba. Mu da muka girma a garin mun sha ganin an zare kujera a ƙarƙashin mai cin shinkafa a gidan biki. Amma cikinmu ba wanda ya kawo wannan a ransa lokacin da muke gardama a ofis.

Na kira lambar ofishin magatakarda, ba a ɗauka ba. Ɗalibai suka fara watsewa, kowa ya ja danginsa wurin masu hoto. An buɗe ƙofa kamar yadda aka yi alkawari, jama'a na ta kwararowa cikin filin da babu inuwa babu kujera. Na hango Baba tsaye riƙe da sandarsa, an ɗauke kujerarsa, yana juya kai dama da hagu. Ƙawata na gefensa. Ban iya ƙarasawa wurinsu ba, kunya da baƙin ciki suka hana ni, don ni na ce a gaya masa ya wanke kunne.

Ina nan tsaye sai na ji an taɓa kafaɗata. Shugaban tsangayarmu ne, wani tsohon farfesa, shi kaɗai cikin manya bai bi ayarin liyafa ba. Mutumin nan kowa ya san shi da ƙaramar murya. A laccarsa har faɗa ake yi kan kujerun gaba, don daga layi na uku sai dai ka ga baki na motsi. Ya ɗaga takardun da ke hannunsa ya ce, "An ce in kira sunaye, kuma na zo da su. Tara mini mutanenki a gindin bishiyoyin can."

Na dube shi na dubi filin. Raina ya ce wannan ai wahalar banza ce. Amma na hau wani dakali na buɗe murya, na ce duk ɗan tsangayarmu da iyayensa su nufi gindin dogon yaro. Suka taho. Mu masu riguna muka tsaya a gaba, iyaye suka yi da'ira a bayanmu, wasu suka shimfiɗa zannuwa suka zauna a ƙasa. Farfesa ya hau matakalar wani aji, ya gyara tabarau, ya karanta suna na farko.

Ko mai sunan bai ji ba. Ya karanta na biyu. Daga can baya wani dattijo ya ɗaga murya, "Wa aka ce? Ba mu ji!"

Wasu samari uku da ke gaba suka juya suka faɗa masa sunan da ƙarfi, don kawai ya yi shiru. Sai ga guɗa ta tashi daga wani gefe, wata mata ta taso da gudu zani na warwarewa ta rungume ɗanta. Da Farfesa ya karanta na uku, layin gaba duka suka maimaita. Kafin a kai na goma ba wanda ya tsara komai, amma abin ya zauna. Shi ya faɗa a hankali, mu duka mu ɗauka da murya ɗaya, kamar yadda ladan ke ɗaga kabbara ga sahun baya in wuta ta ɗauke a masallaci. Mai suna ya fito ya yi musabaha da Farfesa, danginsa su yi abin da suka iya. Wasu kabbara, wasu haleluya, matan zumunta kuma suka zauna da tulunansu suna buga wa kowa, nasu da wanda ba nasu ba. Har wani ɗan Maiha da ba wanda ya zo masa, su suka yi masa guɗa suka ɗaura masa kallabi a wuya.

Wani abin da na lura da shi, inda harshen Farfesa ya yi tuntuɓe a sunan ɗan ƙabilar Gude ko Kamwe ko Fali, mu da muka shekara huɗu tare mun san yadda mai shi yake faɗar abinsa, haka muke fitar da shi. Da aka zo kaina na ji sunana ya fito daga bakin mutanen nan duka, ban san lokacin da na isa matakalar ba. Can nesa kuma muka fara jin wata tsangayar ta kama irin namu a gindin wasu bishiyoyin.

Sai dai sunaye a jere suke bisa haruffa, kuma na ƙawata yana can kusa da ƙarshe. Rana ta karkata. Waɗanda aka kira nasu suka fara zamewa, masu tafiya nesa suna neman mota. Ƙanin Baba ya fara maganar hanya, ya ce mai achaban da ya kawo su ba zai jira duhu ba. Baba ya ce masa ya je in yana sauri. Ita ma muryar Farfesa, da ma yaya take, ta fara shaƙewa. Aka ba shi ruwa, ya ci gaba, ta sake shaƙewa, har ya zama ko na gaba ba sa ji. Sai ya yafito ni. Na hau na tsaya kusa da shi, yana nuna suna da yatsa, ni ina kira, aji na amsawa. Hannunsa ɗaya kuma bai daina musabaha ba.

Haka muka yi har yatsansa ya sauka kan sunanta. Na ja numfashi na kira shi cikakke, nata da na mahaifinta a bayansa kamar yadda yake a rajista. Waɗanda suka rage cikin ajin, kuma da dama sun rage don sun san labarin, suka ɗauka da wani irin ƙarfi da tsuntsaye suka tashi daga kan bishiya.

Kafin matan zumunta su taɓa tulu, Baba ya yunƙura ya miƙe daga kan zanin da aka shimfiɗa masa, ya cire hularsa, ya ce da ƙarfi, "Ga ni nan!"

Mutane suka fashe da dariya. Mama ta kama gefen kwat ɗinsa tana ja, tana cewa, "Zauna, ba kai ba ne, yarinya aka kira."

Ya ce, "Na sani. Amma suna na ne a bayan nasa. Tun yarinyan nan yana firamare sunan nan yake zuwa makaranta kullum, ni ban taɓa bin shi ba ko sau ɗaya. Yau na zo, an kira, ba zan amsa ba?"

Dariyar ta tsaya. Ƙawata, wadda na ce muku ba mai kuka ba ce, ta riga ta kama hanyar matakala, sai ta juya ta koma ta kamo hannunsa. Tare suka zo. Farfesa ya sauko ƙasa ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu, ba murya, sai kai da yake gyaɗawa. Baba ya juyo da fuska wajen da ya ji muryata ya ce, "'Yata, da sauri kuka faɗa. A sake mini ɗaya." Na sake kira, hawaye na shiga mini baki, ajin ya sake ɗauka, har da iyayen da ba su san shi ba.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Maiha, kuma shirya bikin ƙarshen shekara a wuyana yake. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, bikin kammala karatu ba na wanda ya yi karatun ba ne shi kaɗai, balle na manyan baƙi. Akwai mutumin da bai taɓa shiga aji ba amma shi ya ɗauki karatun a kansa tun daga farko, kuma a ranar yake zuwa karɓar rabonsa. Rabon nan bai wuce ya ji an faɗi sunan gidansa a bainar jama'a ba. Shi ya sa a makarantarmu ko yaro shi ya zo na ƙarshe a aji, sai na kira shi da cikakken suna, in kuma dakata kaɗan kafin in wuce na gaba, ko akwai wanda zai amsa daga baya.